Tarihin Ƙidayar Da Ke Riƙe Da Wayarka Duk Lokacin Da Ka Zare Katin Memori

Yau ba darasin "danna nan, shiga can" za mu yi ba. Labari ne na wata 'yar ƙidaya da ke cikin wayarka, wadda ta haura shekara 60 a duniya, kuma har gobe tana ba manyan injiniyoyi ciwon kai.

Na san ka taɓa zare katin memori ko filash ɗin da ka jona ta OTG alhali waƙa na ci ko bidiyo na tafiya. Yawanci wayar takan ɗan yi ƙorafi a saman allo cewa an cire kati ba zato, shi ke nan. Jefi-jefi kuma sai ta daskare, ko ta mutu ta sake tashi da kanta. To me ya faru a wannan ɗan taƙin?

Mu fara daga tushe. A ƙarƙashin Android akwai zuciyar babbar manhaja, wadda masana ke kira kanel, kuma ta Android ita ce Linux. A cikin kanel akwai direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke tafinta tsakanin wayar da kayan ƙarfe irin su kyamara, allo da ma'adana. Da ka sa kati, direba zai yanki wani ɗan fili a RAM ya rubuta bayanin katin a ciki: girmansa, hanyar magana da shi, da layin buƙatun da ke jiran a karanta ko a rubuta. Daga nan kowa sai ya riƙa zuwa wannan fili. Manhajar hotuna na riƙe da adireshinsa, ta waƙa na riƙe, ta fayil ma haka. Tambayar da ta zama ƙarfen ƙafa ita ce: yaushe za a share wannan fili a ba wani aiki?

Ɗauki misalin ɗaki a masauki. Mai gadi na da allo a ƙofa. Duk wanda ya karɓi makulli sai a ƙara ɗaya, wanda ya maido a rage ɗaya. Ranar da lissafi ya koma sifili, a share ɗakin a ba wani baƙo. Idan wani ya maido makulli aka manta ba a rage ba, ɗakin zai zauna a rufe har abada, RAM na ta zurarewa kenan. Wannan da sauƙi. Mai munin shi ne a rage sau biyu a kan mutum ɗaya, ko wani ya karɓi makulli ba a rubuta ba. Lissafi zai nuna sifili alhali akwai mai makulli a waje. A ba sabon baƙo ɗaki, can sai tsohon ya dawo ya buɗe, ya kama amfani da kayan da ya tarar yana zaton nasa ne. Wannan shi ake kira amfani bayan saki. Idan an yi sa'a wayar ta faɗi kawai. Idan ba a yi ba, sabon baƙon nan mai kutse ne, kuma da gangan ya jera kayan da yake so tsohon ya ɗauka.

Asalin dabarar ba ta da alaƙa da katin memori ko kaɗan. A watan Afrilun 1960, John McCarthy na jami'ar MIT da ke Amurka ya wallafa bayanin yaren Lisp, wanda ke aiki a kan kwamfutar IBM 704. Duk ma'adanar aikin wannan ƙatuwar na'ura, idan ta cika maƙil, ba ta wuce kilobait 150 ba, wato ko hoto ɗaya na kyamarar wayarka ba zai shiga ba. Dabarar McCarthy ita ce a bari sai wuri ya ƙare, sannan a tsayar da komai a bi a tantance abin da ake amfani da shi, a kwashe sauran. A watan Disamba na wannan shekarar sai George Collins, ma'aikacin IBM, ya fito da wata hanya: kowane abu ya riƙe ƙidayar masu nuni gare shi, da ta kai sifili a sake shi nan take, ba sai an tsayar da aiki ba. Ba a jima ba, a 1963, Harold McBeth ya nuna raminta na farko. Idan abu biyu suna riƙe da juna, wannan na ƙirga wancan, wancan na ƙirga wannan, to ba wanda zai taɓa kai sifili ko da duniya ta manta da su.

Masu rubuta kanel hanyar Collins suka ɗauka, kuma dalilin a fili yake. Ba za ka tsayar da babbar manhaja cak tana tsakiyar rubutu a faifai don a yi shara ba. Lokacin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka gina Unix a Bell Labs daga 1969, sun sa wa kowane fayil ƙidaya biyu. Ɗaya a kan faifai, tana ƙirga sunayen da fayil ɗin ke da su. Ɗaya a RAM, tana ƙirga masu riƙe da shi a yanzu. Shi ya sa har yau a Linux za ka iya goge fayil alhali wata manhaja na karanta shi, sunan ya ɓace amma bayanan su zauna daram sai mai karatun ƙarshe ya rufe. A bugu na shida na Unix, na 1975, ƙidayar RAM ɗin bait ɗaya ce tak. Umarnin da ke rage ta sunansa iput, kuma wannan suna na nan cikin kanel ɗin wayar da ke hannunka.

A wancan zamanin abin bai da wahala sosai, saboda dalili biyu. Na farko, firosesa ɗaya ce, kuma idan kanel na cikin aiki ba a katse shi a ba wani shiri sai shi ya ga dama ya dakata. Na biyu, na'urar faifai ba ta ɓacewa. Ana iya sauya faifan da ke cikinta, amma sai mai kula da kwamfuta ya nemi izini, kuma idan akwai mai amfani da shi Unix ta ce a'a, ana aiki. Na'urar kanta girmanta ya kai akwati, tana ɗaure da waya, ba mai sa ta a aljihu.

Duka biyun sun rushe kusan lokaci guda. A 1996 aka fitar da ƙa'idar USB ta farko, a shekarar kuma Linux 2.0 ta fara aiki da firosesa fiye da ɗaya. Wajen 2000 filash ya shigo kasuwa, na IBM na farko megabait 8 ne. Katin SD ma a wannan tsakanin ya bayyana daga SanDisk, Toshiba da Panasonic, ƙaraminsa microSD ya biyo baya a 2005. Yanzu fa ma'adana ta zama abin da yaro zai iya fizgewa ba sallama. Kuma a daidai lokacin da wata ƙwaƙwalwar firosesa ke rushe bayanin katin, wata na iya kasancewa tana tsakiyar buɗe fayil a cikinsa. Wayoyin yau da yawa ƙwaƙwalwa takwas gare su, kowace na gudunta.

Abin da ya sa direbobin ma'adana suka fi shan wuya a nan shi ne hawa-hawa ne. Filash ɗin da ka jona ta OTG, kanel na kallonsa a matsayin na'urar USB. A kan wannan akwai direban da ke mayar da shi faifan SCSI, wani tsohon tsari na shekarun 1980. A kan SCSI akwai faifan kansa da layin buƙatunsa, a kan faifan akwai ɓangarorinsa, a kan ɓangare akwai tsarin fayil irin FAT32 ko exFAT, sannan fayilolin da aka buɗe. Kowane hawa da nasa fili a RAM, da tasa ƙidayar, kuma na sama na dogara da na ƙasa. Da ka zare filash, hawan ƙasa ne ya fara mutuwa, alhali na can sama bai ma ji labari ba. Dole a raba abu biyu da a da ake ɗauka ɗaya ne: mutuwar ƙarfen, da sakin filin RAM ɗinsa. Ƙarfe ya tafi, amma bayaninsa ya zauna a matsayin gawa, duk wanda ya zo a ce masa babu, har sai mai riƙe na ƙarshe ya saki. Kada ka ce ai ni ba na amfani da filash. Ma'adanar ciki ta wayoyi masu ɗan tsada, wadda ake kira UFS, da yaren SCSI ɗin nan take magana, ta wannan hawan take bi.

Linux ta yi babban gyara a sigar 2.6, wadda ta fito a Disambar 2003. Patrick Mochel ya tsara wani gini guda da duk na'urori za su hau, kowace da ƙidayarta. A 2004 Greg Kroah-Hartman ya ciro ƙidayar ya mayar da ita ɗan ƙaramin kayan aiki mai suna kref, don kowa ya daina ƙirƙiro nasa. Ƙa'idar ita ce duk wanda ya yi abu mai ƙidaya, dole ya rubuta umarnin da za a bi a share shi idan ta kai sifili, kuma nan ne kaɗai aka yarda a share. Wasu masu direba, don su rufe bakin gargaɗin kanel, sai su rubuta umarnin fanko, su ci gaba da sharewa a inda suka ga dama. Abin ya yi yawa har takardun bayanin Linux suka shekara da shekaru ɗauke da kashedin cewa wanda ya yi haka za a yi masa ba'a a bainar jama'a. Daga baya aka cire wannan layin.

Windows ma ba ta tsira ba. Tun Windows 2000 akwai saƙo na musamman da ake aika wa direba idan an fizge na'ura ba zato, kuma cikin lambobin shuɗin allon nan na mutuwa akwai 0x18, wadda ma'anarta ita ce ƙidayar wani abu ta saɓa da halin da yake ciki, galibi saboda wani direba ya rage fiye da yadda ya ƙara.

To amma kref kayan aiki ne kawai. Hannun mutum ne ke rubuta "ƙara" a nan, "rage" a can, kuma wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne hanyar kuskure. Aiki na da mataki biyar, na huɗu ya gaza, sai a koma baya a warware uku na farko. Wannan hanya ba kasafai ake bin ta ba, don haka ba kasafai ake gwada ta ba. Kuskure na iya kwanciya a nan shekara goma ba wanda ya taka shi.

Ga misali ɗaya da ya fito da abin sarai. A Linux akwai direba mai suna loop, aikinsa ya ɗauki fayil ya mayar da shi kamar faifai. A Janairun 2018 aka gano ɓaraka a cikinsa, aka ba ta lamba CVE-2018-5344. Idan mai amfani na ƙarshe ya rufe na'urar, direban na rage ƙidaya ta koma sifili, sannan ya shiga kwashe kaya. Matsalar ita ce tsakanin ragewar da gama kwashewar ba a kulle ƙofa ba. Wani shiri na iya shigowa a wannan ɗan taƙin ya sake buɗe na'urar, ya samu ana rushe ta a kansa. Ka lura, lissafin daidai yake, ba a rage sau biyu ba, ba a manta komai ba. Rige-rige ne kawai tsakanin mai shiga da mai fita. Linus Torvalds da kansa ya rubuta gyaran, kuma bai fi 'yan layuka ba: a riƙe makulli ɗaya wajen buɗewa da wajen rufewa. Wannan direba na loop ba baƙo ba ne a wayarka, domin daga Android 10 da shi ake ɗora wasu sassan babbar manhaja da Google ke sabuntawa ta Play.

Wani abin dariya ma, a 2022 sai da aka samu amfani bayan saki a direban faifan fulofi, ɗaya daga cikin tsofaffin direbobin Linux, na na'urar da yawancin masu karanta wannan rubutu ba su taɓa riƙewa ba. Maganin da aka yi shi ne a kashe umarnin da ke da matsalar, sai wanda ya nema da gangan.

Akwai kuma wata hanyar da ƙidaya ke kai sifili ba tare da an rage komai ba, wato ta cika ta zagayo, kamar mitar tsohuwar mota da ke komawa sifili bayan ta ƙure. A Janairun 2016 kamfanin tsaro na Perception Point ya bayyana CVE-2016-0728. Wannan ba a direban ma'adana take ba, a sashen ajiye makullan sirri na kanel take, amma ita ta sauya yadda kowa ke ƙirga. An manta rage ɗaya a wata hanya, tun 2012. Ƙidayar mai bit 32 ce, don haka idan ka maimaita kiran sau 4,294,967,296 za ta zagayo, kanel ya ɗauka ba mai riƙe da abin, ya sake shi. Masu binciken sun ce kimanin minti 30 abin ya ɗauke su a kwamfuta mai Core i7 kafin su zama masu cikakken iko. Sun ce kashi biyu cikin uku na wayoyin Android na cikin haɗari, Google ta ce adadin bai kai haka ba ko kusa. Ko ma wane ne da gaskiya, darasin ya shiga. A Linux 4.11, cikin 2017, aka kawo sabuwar ƙidaya mai suna refcount_t, bisa dabarar da aikin PaX ya daɗe yana amfani da ita. Idan ta kai ƙarshe sai ta maƙale a nan, ba ta zagayowa, kuma idan wani ya nemi ƙara ɗaya a kan abin da ya riga ya kai sifili sai ta yi kururuwa. An zaɓi a yi asarar ɗan filin RAM da a miƙa wa ɓarawo makulli. Ni dai a ganina wannan ciniki ne mai riba.

A daidai wannan lokacin aka samu karnukan farauta. KASAN, wanda ya shiga Linux 4.0 a 2015, yana sa wa duk filin da aka saki alama, da an taɓa shi ya kama mai taɓawar a take, maimakon wayar ta faɗi bayan awa uku a wani wuri daban. Shi ne ma ya tona ɓarakar loop ɗin can. Sai syzkaller na Dmitry Vyukov a Google, manhajar da ba ta da aiki sai jefa wa kanel umarni barkatai dare da rana: buɗe, rufe, jona, fizge, duk a lokaci guda. Daga 2017 aka sa ta tana aika rahoto da kanta ƙarƙashin sunan syzbot, kuma ta tono dubban kurakurai.

Yauwa, ga inda abin ya shafe ka kai tsaye. Gano kuskure daban, gyaran ya iso wayarka daban. A Nuwamban 2017 syzbot ta kama amfani bayan saki a Binder, direban da manhajojin Android ke magana da juna ta cikinsa. Cikin 'yan watanni aka gyara a Linux, amma ba a ba shi lambar ɓaraka ba, bai shiga jerin gyaran tsaro na wata-wata na Android ba, don haka wayoyi da yawa da ke hannun mutane ba su samu ba. Sai a Oktoban 2019 Maddie Stone ta Project Zero ta bayyana cewa ana amfani da shi wajen kutse. Cikin wayoyin da abin ya shafa akwai Pixel 2, Samsung S7 zuwa S9, Huawei P20 da Redmi 5A. Google ta danganta makamin da kamfanin NSO, kamfanin ya musanta. Kusan shekara biyu kenan gyara na zaune a fili, duk mai ido na iya karanta shi ya gane inda ramin yake.

Masu iPhone kada ku yi dariya. A Satumbar 2019 aka saki checkm8, amfani bayan saki a sashen USB na manhajar farko da ke tayar da wayar. Ta shafi iPhone 4S har zuwa iPhone X, kuma da yake an ƙone wannan manhaja a jikin guntun ƙarfe ne, ba sabuntawar da za ta goge ta. Sauƙinta ɗaya, sai an riƙe wayar a hannu an jona mata waya.

Inda aka dosa yanzu shi ne a karɓe ƙidayar daga hannun mutum. A yaren Rust, manhajar da ke fassara rubutun injiniya ita ke saka "rage ɗaya" da kanta a duk hanyar fita, har da hanyar kuskuren nan da ake mantawa, kuma tana ƙin fassara rubutun da ke neman taɓa abin da aka saki. Google ta ce kurakuran da suka shafi RAM sun sauko daga kashi 76 cikin ɗari na ɓarakokin Android a 2019 zuwa kashi 24 a 2024, bayan ta koma rubuta sabbin sassa da yaruka irin wannan. Linux ta buɗe wa Rust ƙofa a sigar 6.1, Disambar 2022. Amma a ɓangaren ma'adana tafiyar hawainiya ake yi. Direban faifai na Rust na farko da ya shiga, a sigar 6.11 ta 2024, sunansa rnull, kuma faifan gwaji ne na ƙarya, ba ya tuƙa wani ƙarfe. Direbobin da ke riƙe da hotunanka da gaske, na katin SD da na UFS da na SCSI, da yaren C na 1972 aka rubuta su, ana ƙirgawa da hannu.

Kar in bar ka da fahimtar da ba daidai ba. Idan ka fizge kati ya lalace har waya ta ce sai an yi masa fomat, galibi ba laifin ƙidaya ba ne. Rubutu ne aka katse a tsakiya, domin kanel kan tara bayanai a RAM kafin ya zuba su a kati. Kuskuren ƙidaya ya fi fitowa a matsayin daskarewa ko mutuwar waya, ko kuma ya yi shiru sai mai kutse ya zo. Amma maɓalli ɗaya ke maganin duka biyun.

Shiga Settings, ka nemi About phone, ka danna Android version. Za ka ga sigar kanel da ranar gyaran tsaro na ƙarshe. Wayoyi da yawa da kanel ɗin da aka haife su da shi suke mutuwa. Idan ka ga 4.14, masu Linux sun daina kula da ita a Janairun 2024, 4.19 kuma a Disambar shekarar, saura abin da kamfanin wayarka ya ga dama ya ɗinka. Idan ranar gyaran ta kwana biyu sosai, to ka rage jona wa wayar filash ɗin da ba ka san inda ya fito ba, ka kuma rage ɗora manhajojin da aka turo maka ta bayan fage, don yawancin irin waɗannan ɓarakoki sai an samu wata manhaja a cikin wayar ko wata na'ura a jikinta kafin a taɓa su.

Kafin ka cire kati kuma, je Storage ka danna Eject ko Unmount. A wannan 'yan daƙiƙun, wani shiri na Android mai suna vold zai bi manhajojin da ke riƙe da fayil a katin ya sallame su, wadda ta ƙi tafiya ya kashe ta, a zuba sauran rubutun da ke RAM, sannan a sauke tsarin fayil. Ƙidayoyin za su sauko daga hawan sama zuwa ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi a zamanin Unix. Ka jira sai wayar ta ce za ka iya cirewa, sannan ka sa farce.